Tseren Ironman da makamantansa: yadda ake rubuta suna da abin da shigarsa take ci

Tiriyatlon wasa ne da ya haɗa tsere uku a jere ba tare da hutu ba: iyo a ruwa, tuƙa keke, sannan gudu da ƙafa. Agogo yana fara ƙirga tun daga lokacin da aka faɗa ruwa, ba ya tsayawa sai mutum ya taka layin ƙarshe, har mintocin canza tufafi da takalma suna cikin lissafi. Mafi shahara a cikin masu dogon zango shi ne na kilomita 226, wanda ya kusa kai tsawon hanyar Maradi zuwa Damagaram, kuma a yini ɗaya ake gama shi. Hotunan wannan tsere suna yawo a Facebook da TikTok har su kai wayoyin matasa a Kornaka da Dakoro, amma da wuya su zo da bayanin yadda ake samun gurbi, ko yawan kuɗin da mutum zai zuba tun kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa.

Tsawon kowane rukuni

Cikakken zango, wanda aka fi sani da sunan Ironman, ya ƙunshi iyo na kilomita 3.8, keke na kilomita 180 da gudu na kilomita 42.2. A yawancin gasanni ana bai wa mutum awa 17 ya kammala, wasu na Turai kuma awa 16 ko 15 kawai suke bayarwa. Kowane ɓangare yana da nasa wa'adi: wanda bai fito daga ruwa cikin awa 2 da minti 20 ba, a nan tserensa ya ƙare, ba a mayar masa da ko dala ɗaya.

Rabin zango, wanda kamfanin Ironman yake kira 70.3, ya ƙunshi iyo na kilomita 1.9, keke na kilomita 90 da gudu na kilomita 21.1, jimilla kilomita 113, wa'adinsa awa 8 da rabi. Kilomita 90 ɗin keken sun kusa kai tafiyar Maradi zuwa Katsina. Ƙasa da waɗannan akwai zangon Olamfik, mai iyo na kilomita 1.5, keke 40 da gudu 10, sai gajeren zango mai rabin wannan. Masu horarwa ba sa ba sabon shiga shawarar fara da cikakken zango. Daga gajeru ake farawa, a ɗauki shekaru ana hawa.

Inda abin ya samo asali

A Faransa an yi wasannin da suka haɗa gudu da keke da iyo tun shekarun 1920, amma tiriyatlon na zamani an fi danganta shi da tseren da aka yi ranar 25 ga Satumba 1974 a San Diego ta Amurka, inda mutum 46 suka shiga. Ironman kuwa an fara shi ranar 18 ga Fabrairu 1978 a tsibirin Oahu na Hawai, bisa shawarar John Collins, hafsan sojan ruwan Amurka, da matarsa Judy. Sun haɗe tsere uku da ake yi daban-daban a tsibirin suka mai da su ɗaya. Mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58. A 1981 aka mai da gasar garin Kona, wanda ya zama cibiyar gasar duniya.

Hukumar duniya ta wannan wasa an kafa ta a 1989 a birnin Avignon na Faransa, ita ce ake kira World Triathlon tun 2020, kuma wasan ya shiga Olamfik a Sidni a shekara ta 2000. Sai dai Ironman ba na hukumar ba ne, sunan kasuwanci ne na kamfani mai zaman kansa da ke Tampa a jihar Florida. Kamfanin Wanda na China ya saye shi a 2015 kan dalar Amurka miliyan 650, sannan kamfanin Advance ya saye shi a 2020 kan miliyan 730. Sanin wannan yana taimaka wa mai karatu ya gane farashin: kuɗin da masu son wasa suke biya na shiga su ne babban jarin wannan kasuwa.

Manyan gasannin da ake rububi

A Jamus akwai Challenge Roth, da ake yi a farkon bazarar Turai a wani ƙaramin gari na jihar Bavariya. Tana ɗaukar 'yan tsere kusan 3,500 da ɗaruruwan tawagogi na mutum uku-uku, 'yan kallo kuma sukan haura 200,000. Guraben da ake sayarwa ta intanet sukan ƙare cikin kusan minti ɗaya, shekara guda kafin ranar tsere. A can ne a 2024 Magnus Ditlev na Denmark ya gama cikin awa 7 da minti 23 da daƙiƙa 24, Anne Haug ta Jamus kuma cikin awa 8 da minti 2 da daƙiƙa 38.

A Norwe akwai Norseman, da aka fara a 2003. 'Yan tsere suna dira cikin ruwan sanyi daga jirgin fito, su ƙare a kan dutsen Gaustatoppen. Guraben ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, masu nema kuwa dubbai ne, shi ya sa ake jefa ƙuri'a. Kuma dole kowane ɗan tsere ya zo da nasa mai rakiya da mota, abin da yake ninka kuɗin tafiya.

A Faransa akwai Embrunman, da aka fara a 1984 kuma ake yi ranar 15 ga Agusta, mai hawan tsaunin Izoard da keke, da kuma Ironman na birnin Nice. Daga 2023 zuwa 2025 an raba gasar duniya tsakanin Nice da Kona, maza a ɗaya, mata a ɗaya, ana musanya kowace shekara. A Nice ne Sam Laidlow ya zama Bafaranshe na farko da ya ci wannan kambu a 2023. Kamfanin ya sanar cewa daga 2026 maza da mata za su koma Kona tare.

A nahiyar Afirka, cikakken zango mafi daɗewa shi ne na gaɓar Nelson Mandela, a birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu, wanda a da ake kira Port Elizabeth. A can aka yi gasar duniya ta rabin zango a 2018. An fara rabin zango a Marakesh ta Maroko a 2019, a Masar a 2021, a Rubavu ta Ruwanda, bakin tafkin Kivu, a 2022. Kamfanin yakan ƙara gasa ko ya soke wata daga shekara zuwa shekara, don haka jadawalin shekarar da mutum yake so shi ne abin dubawa kafin komai.

Yadda ake rubuta suna

Ta intanet kaɗai ake rubuta suna, a shafin gasar da kanta. Ana buɗe rajista watanni 10 zuwa 12 kafin ranar tsere, sau da yawa 'yan kwanaki bayan kammala na bana. Mai nema zai buɗe asusu da adireshin imel, ya rubuta sunansa daidai da yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, ƙasa, da lambar wanda za a kira idan wani abu ya same shi. Sharaɗin shekaru a gasannin Ironman shi ne 18 cif a ranar tsere. Ba a neman shaidar cewa mutum ya taɓa yin wani tsere a yawancinsu. Wanda ya riga biya shi ke da gurbi.

Biyan kuɗi da katin banki ne irin Visa ko Mastercard da aka buɗe wa sayayyar ƙasashen waje. Kuɗin waya da na kamfanonin aika kuɗi da aka saba da su a kasuwannin Kornaka ko Sabon Machi ba sa shiga kai tsaye. Wanda yake son gasar da ake rububi sai ya je bankinsa tun da wuri ya tabbatar katin zai iya fitar da kuɗi masu yawa a lokaci ɗaya, domin idan katin ya ƙi, gurbin yana komawa hannun wani cikin daƙiƙoƙi.

Bayan haka akwai lasisi. Gasanni suna neman katin zama ɗan wata hukumar tiriyatlon ta ƙasa, wanda ba shi da shi kuma ya sayi lasisin yini ɗaya, wanda ya haɗa da inshora. Wasu ƙasashe, musamman Italiya, suna neman takardar likita mai nuna zuciya da jiki za su iya ɗaukar gasa. Ko ba a nema ba, gwajin zuciya wajibi ne ga mai hankali, domin yawancin mace-macen da ake samu a wannan wasa a cikin ruwa suke faruwa, kuma sau da yawa ciwon zuciya ne da mutum bai san yana da shi ba.

Kwana ɗaya ko biyu kafin tsere, ɗan wasa zai je da kansa da katin shaida mai hoto ya karɓi lambarsa da na'urar ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a ƙafa, ya kai kekensa wurin ajiya a duba shi tare da hular kwano. Ba a aiko wakili. Lambar ta mai sunan ce shi kaɗai, wanda aka kama ya yi tsere da lambar wani ana kore shi tare da mai lambar. Saboda haka duk wanda ya tallata gurbin Ironman a WhatsApp ko Facebook da rahusa, ko ya ce zai haɗa wa mutum da biza, abin da yake sayarwa ba ya aiki.

Gasar duniya ba a sayen ta haka kawai

Kona ta bambanta da sauran. Ana raba masu son wasa rukuni-rukuni bisa jinsi da shekaru: 18 zuwa 24, 25 zuwa 29, haka nan biyar-biyar har sama da 80. Kowace gasar Ironman tana da wasu 'yan gurabe na Kona da ake bai wa waɗanda suka fi ƙwazo. Washegarin tsere ake kiran sunaye. Wanda aka kira dole ya kasance a wurin, ya biya nan take da kati, in ba haka ba gurbin ya gangara ga na bayansa. Akwai kuma shirin Legacy ga wanda ya kammala cikakken Ironman sau 12 bai taɓa zuwa Kona ba.

A da kamfanin yana jefa ƙuri'a, mai so ya biya dalar Amurka 50 ya shiga. A 2015 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce wannan caca ce da doka ba ta yarda da ita ba, kamfanin ya sallama wa gwamnati fiye da dalar Amurka miliyan 2.7, aka daina. Tun daga nan hanyar talaka zuwa Kona ita ce ƙafarsa.

Shekaru ba su hana ba: Hiromu Inada na Japan ya gama Kona a 2018 yana da shekara 85. Sutura ma ba ta hana ba: Shirin Gerami 'yar Iran ta gama a 2016 cikin tufafin da suka rufe jikinta da kanta. Matan da suke son irin wannan sutura sukan tuntuɓi alƙalan gasa tun kafin ranar, don a amince da kayan.

Kuɗin shiga a lissafin CFA

Canjin yuro da CFA a tsaye yake: yuro 1 daidai da CFA 655.957. A shekarun baya-bayan nan kuɗin shiga cikakken Ironman a Turai yakan kama daga yuro 600 zuwa 900, wato daga jika 394 zuwa jika 590. Rabin zango yakan kama daga yuro 300 zuwa 450, wato jika 197 zuwa jika 295. Na gasar duniya ya haura dalar Amurka 1,000 nesa ba kusa ba. Gasannin da ƙungiyoyin gari suke shiryawa ba tare da tambarin Ironman ba sun fi sauƙi, ko da tsawon ɗaya ne.

Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun Janairun 2024. Ke nan gurbi mafi araha na cikakken zango ya haura albashin wata 9 na ƙaramin ma'aikaci, mafi tsada kuma ya kai na wata 14.

Farashin hawa-hawa ne. Ana sayar da kason farko da rahusa, idan ya ƙare a buɗe na biyu da ƙari, haka har gurabe su ƙare. A kan farashin da aka rubuta ana ɗora kuɗin dandalin da ke karɓar rajista, wanda kashi ne cikin ɗari na kuɗin. Misali, gurbin yuro 700, idan aka ɗora masa kashi 8, ya zama yuro 756, wato jika 496, ban da abin da banki zai cire.

Abin da kuɗin yake saye shi ne rufe hanyoyi, masu ceto a ruwa, likitoci, ruwa da abinci a kan hanya, na'urar lokaci, jaka, da riga da lambar yabo ga wanda ya gama. Bai haɗa da masauki, jirgi, ko hotuna ba.

Kuɗin da ba a rubuta a shafin rajista

Ga ɗan Nijar, kuɗin shiga shi ne ƙaramin kaso. Keken tsere mai sauƙi sabo yakan kai yuro 1,000, na ƙwararru kuma ya ninka haka sau da yawa, ko da yake doka ba ta tilasta mai tsada ba. Abin da ake dubawa shi ne birki da lafiyar keken. Hular kwano dole ce. Rigar roba ta iyo ana yarda da ita idan zafin ruwa bai wuce digiri 24.5 ba, kuma dole ce idan ya yi ƙasa da 16. Ana iya hayarta a wurin gasa. Sai takalman gudu, tabaran ruwa, tayoyi, da abincin watannin horo.

Tafiya daga Kornaka tana farawa da mota zuwa Maradi, sannan fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, ko a bi ta Katsina zuwa filin jirgin Kano. Kamfanonin jirage da yawa suna cajin akwatin keke daban. Masauki na kwana huɗu ko biyar wajibi ne, kuma otel-otel sukan ƙara kuɗi a makon gasa.

Biza ita ce babban haɗari. Ta ƙasashen Shengen yuro 90 ce tun Yunin 2024, wato jika 59, ba a mayarwa idan aka hana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, abin da ya ƙara wa masu son Nice ko Embrun wahala. Takardar rajistar tsere ba ta tilasta wa kowane ofishin jakadanci ya ba da biza. Ruwanda kuwa tana bai wa 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin shiga na kwana 30 kyauta a filin jirgi.

Idan mutum ya fasa

Dokar mayar da kuɗi tana rubuce a shafin kowace gasa, kuma ita ce ta fi cancanta a karanta kafin a danna biya. A bisa al'ada, wanda ya janye watanni da yawa kafin ranar ana mayar masa da wani kaso, kason yana raguwa yayin da ranar take matsowa, a makonnin ƙarshe kuma babu komai. Kuɗin dandalin rajista ba ya dawowa. Ironman yana da tsarin Flex90, wanda yake bai wa waɗanda suka rubuta suna cikin kwana 90 na farko damar ɗage gurbinsu zuwa baɗi ko mai da shi wata gasa, bisa sharuɗɗa. Hana biza ba ya cikin dalilan da suke tilasta a mayar da kuɗi. Idan iska ko igiyar ruwa ta sa aka rage iyo ko aka soke shi a ranar, nan ma ba a biyan diyya.

Tun da shekara guda kafin lokaci ake biya, ya kamata a duba kalandar Musulunci. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma watanni biyu na ƙarshe kafin tsere su ne na horo mafi nauyi. Manomi kuma ya lissafa damina: gasannin Turai na Yuni zuwa Satumba suna faɗowa daidai lokacin shuka da noma da girbin gero.

Abin da zai yiwu daga nan

Gudu da keke ba baƙi ba ne a jihar Maradi, kuma wanda ya saba da zafin Afrilu da Mayu yana da abin da Bature yake biyan kuɗi ya koya. Matsalar ita ce ruwa. A yankin Kornaka da Dakoro babu kogi mai gudana duk shekara, tafkunan damina suna ƙafewa, kuma ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya. Tafkin Madarunfa da kogin Kwara a Yamai suna da ruwa, amma iyo mai nisa a cikinsu ba tare da kwalekwale mai rakiya ba ganganci ne, balle a kogin da ke da dorina. Koyon iyo na kilomita 1.9 yana buƙatar wurin wanka na zamani da malami na tsawon watanni, abin da ke nufin zama a babban birni.

Saboda haka ne duwatlon ya fi dacewa da mazaunin Sahel: gudu, keke, sannan gudu, babu ruwa. Shi ma yana da dogon zango. Wanda ya fi suna shi ne Powerman na Zofingen a Suwizalan, mai gudun kilomita 10, keke 150 da gudu 30. Akwai kuma shiga a tawaga, inda mutum uku suke raba kuɗi, kowa ya ɗauki ɓangare ɗaya. Mai gudu zalla yana iya gwada kansa a gudun fanfalaki na Legas, da aka fara a 2016 kuma aka saba yi a watan Fabrairu, kafin ya yi tunanin ƙetare teku.

Ga matasa masu neman wakiltar ƙasa, hanyar ba ta bi ta Ironman ba. Ta hukumomin wasanni da kwamitin Olamfik na ƙasa take bi, a gajerun zanguna, kamar yadda aka yi a wasannin Afirka na Rabat a 2019 da na Akara a 2024. A wannan hanya hukuma ce take rubuta sunan ɗan wasa, ba shi da kansa ba.

Wanda ya ƙudurta shiga dogon zango da aljihunsa, tsarin da ya fi kare kuɗinsa shi ne ya fara da gwajin likita da koyon iyo, ya yi fasfo, ya zaɓi ƙasar da shigarta take da sauƙi, ya lissafa jirgi da masauki da keke, ya karanta dokar janyewa, sannan a ƙarshe ya biya kuɗin shiga a kason farko mai rahusa.